Mai Allon Lido da Ƙwaya Mai Fuska Ashirin

Rumfar tana bayan layin masu gyaran babur, inda ƙarar guduma ba ta damun kowa. Da ka sa kai ciki warin gam da na ɗanyen katako zai tare ka, ƙasa duk dusar zarto, a jikin bango kuma ga alluna an jingine a jere, gilashinsu na ɗaukar ido. Lido ne, ja da kore da ɗorawa da shuɗi. Mai rumfar dattijo ne da ya ba sittin baya. Kowa a unguwarmu a Shinkafi Baba yake ce masa, ni ma haka na taso na ji ana kiransa. Yana yin benci da ƙofa da gadon amarya idan an kawo aikin, amma abin da ya kai sunansa Isa da Moriki da Zurmi shi ne allon wasa.

Gadon gidansu sassaƙa ce. Mahaifinsa masassaƙi ne irin na da, mai gatari da gizago, wanda zai sammaka daji ya zaɓi ƙirya don turmi, aduwa don allon karatu, ya dawo da yamma jaki na nishi. A hannunsa Baba ya koyi sanin itace: ina jijiya ta bi, ina ƙulli ya ɓuya, wane gefe ne zai tsage idan hunturu ya busa. Allon dara na farko da ya taɓa gani ma uban ne ya sassaƙa wa wani basarake da gwiwa ta hana shi zaman ƙasa. Don ita dara ba ta neman allo a wurin kowa. Mutum biyu su samu inuwa, su tona gurbi talatin a rairayi, jeri biyar gurbi shida-shida, wannan ya ɗebi tsinke goma sha biyu, wancan tsakuwa goma sha biyu. A yi ta dasawa ɗaya bayan ɗaya, ba a yarda ka jera uku ba tun ana dashe. In an gama sai gusawa, gurbi ɗaya, gaba ko baya ko gefe, ban da karkace. Wanda ya jera uku ya tsince ɗan abokin karawarsa guda, huɗu a jere kuwa ba ci ba ne. Zabarmawa na da irinta, suna ce mata dili. Akwai kuma darar gida goma sha biyu da ake zuba 'ya'ya huɗu-huɗu, 'yar'uwar ayo ta Yarabawa. Wasan da kayansa ke zube a ƙasa kyauta ba ya ciyar da mai sana'a, shi ya sa uban bai taɓa lissafa dara cikin abin da ke kawo hatsi gida ba.

Kaura Namoda ce ta juya rayuwar ɗan. Tun 1929 da dogo ya iso can daga Zariya ta Funtua da Gusau, garin ya zama ƙarshen layi, gyaɗa da auduga na tafiya kudu, katako da ƙusa da mutanen kudu na tahowa. Baba ya je yana saurayi, ya zauna shekara huɗu a hannun wani kafinta Bayarabe, ya ajiye gizago ya ɗauki zarto da kurfi. A ƙofar shagon ubangidan nasa ya fara ganin ma'aikatan jirgi sun kewaye wani allo mai gilashi, suna kaɗa gwangwani suna kifawa suna ihu. Wasan ya yi doguwar tafiya kafin ya same shi a nan. Asalinsa na Indiya ne, pachisi suke ce masa, da wuri ake jefawa. Turawan Ingila suka rage masa tsawo, suka sa masa ƙwaya mai fuska shida, aka yi masa rajista da sunan Ludo, bakin Bahaushe ya mayar da shi lido.

Na sha zama ina kallon yadda yake haɗa allo, kuma har yau ban gaji ba. Takardar da aka buga hoton wasan ba shi yake yi ba, 'yan kasuwa ke kawowa daga Kano a naɗe, tare da 'ya'yan roba da ƙwayoyi cikin leda. A gidaje huɗun nan na kusurwa akan buga hotuna, wani yayi na 'yan ƙwallo, wani na 'yan fim, kuma da ganin fuskokin da ke kan tsohon allo za ka iya kintatar shekarunsa. Aikin Baba yana farawa daga falange. Zai yanko filawud daidai faɗin takardar, ya goge da samfefa har sai tafin hannunsa bai ji ƙurji ba, ya shafa gam siriri, ya shimfiɗa takardar daga tsakiya yana korar iska zuwa baki da wani tsohon katin waya. Gam ya yi yawa takarda ta yi ƙuraje, ya yi kaɗan damina ta ɗaga ta. Sannan katakon baki guda huɗu, kowanne an fafe masa hanyar da gilashi zai shiga, an yanke kansa a karkace don kusurwoyin su haɗe baki. Gilashin a wurin mai yanka yake sayowa, kuma ba ya karɓar siriri ko da an yi masa rangwame.

"Malam, ba ka ga yadda suka kihwa gwangwani ba?" in ji shi. "Mutum ya ga an ka cinye mai ɗa bakin gida, da hushi shika bugawa. Gilas maras kauri kwana ukku na."

Daga nan sai abin da na fi so. Idan ya gama buga ƙananan ƙusoshi, zai ɗora allon a kan bencin da ya tabbatar daidai yake, ya zaro ɗan ƙwallon boris na keke daga aljihun gaba, ya ajiye shi a tsakiyar gilashin, ya janye hannu. Mu duka mu yi shiru. In ƙwallon ya tsaya cak, allo ya yi. In ya fara silalewa zuwa gidan kore ko na ja, sai ya yi tsaki ya ɗauko filaya ya kwance. Na taɓa ce masa ai wannan ɗan karkacewar ba wanda zai lura. Ya ce lallai ba za su lura ba a makon farko, amma majalisa ba ta mantuwa: wata rana wani zai ce duk wanda ya zauna gabas shi ke samun siki, wato shida, daga nan sai a fara rigimar wurin zama, daga rigimar wurin zama sai a tambayi wa ya yi allon.

Bai yi boko ba, amma lissafin ƙwaya yana kansa. A nan da ƙwaya biyu ake yi, kuma ɗa ba ya fita gida sai da shida. Ya ce da ni bakwai ta fi kowace jimla zuwa, siki biyu a tare kuwa baƙuwa ce. Na zauna na lissafa a takarda: hanya 36 ƙwaya biyu ke iya faɗuwa, shida daga ciki bakwai suke bayarwa, guda ɗaya tak ke ba da shida da shida, goma sha ɗaya kuma na ɗauke da aƙalla shida ɗaya. Na nuna masa ina jin na zo da abu. Ya duba takardar a juye, ya miƙo mini, ya ci gaba da gogar katako.

Akwai ƙaya a sana'ar, kuma bai taɓa ɓoye ta ba. Duk wanda ya yi zaman zaure a ƙasar nan ya san Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani ta hana wasan nardu da na shaɗaranji, kuma malamai da yawa suna sa lido a sahun nardu saboda ƙwayar da ake jefawa. Wasu kuma inda suka fi matsawa shi ne sa kuɗi da shagala har lokacin salla ya fita. Tun da Shari'a ta fara aiki a Zamfara a watan Janairun 2000, zamanin Ahmad Sani Yariman Bakura, caca ta zama laifin da ake kai mutum gaban alƙali a kansa, masu yi suka koma lungu. Baba ba ya gardama da malamai. Ya sa wa kansa iyaka: ba ya sayar wa gidan da ya san kuɗi ake zubawa, kuma allon da ke ƙofar rumfarsa ana kifa shi da an ji kiran salla, ko da saura taku ɗaya mutum ya shiga gida. Duk da haka ya taɓa gaya mini, muna mu biyu, cewa ya fi jin sanyi a ransa ranar da ya yini yana yin bencin makarantar Islamiyya. Na fi ganin girmansa da wannan maganar a kan da ya ce mini babu komai.

Abin da wa'azi bai yi ba waya ta yi. Wani kamfanin Indiya ya fitar da Ludo King a 2016, lokacin kullen korona a 2020 ya shiga aljihun kowa. Yaro huɗu za su duƙa a kan waya ɗaya, ba gilashin da zai fashe, ba ɗan da zai ɓace a rairayi, ba mai iya murɗa ƙwaya. Ta ɗaya gefen kuma daji ya rufe. Sububu da Dumburum da sauran dazuzzukan da iyayensu ke shiga neman ƙirya sun zama wurin da ba a ambata da ƙarfi, masassaƙa sun koma tsintar abin da ya faɗi a bakin gona. Kasuwar Alhamis da Shinkafi ke taƙama da ita, wadda fatake ke zuwa tun daga Nijar da kudancin ƙasar nan, ita ce inda masu sarin allunansa daga ƙauyuka ke samunsa, kuma kowace shekara fuskokin suna raguwa. Wasu sun yi hijira, wasu ba a tambaya.

Sai ga Satumbar 2021. Gwamnatin Bello Matawalle ta rufe kasuwannin mako, ta taƙaita sayar da fetur, ta hana safarar dabbobi, a ranar 3 ga wata kuma aka umarci kamfanonin waya su kashe layukansu a faɗin jihar. An ce mako biyu, aka zarce. Na zo gida daga Zariya duba mahaifiyata, abin ya rutsa da ni. Waya ta zama tocila. Mai son aika saƙo sai ya rubuta wasiƙa ya ba direba, kamar zamanin kakanninmu. Ana iya buga lido a waya ba da intanet ba, amma mutumin da ba shi da abin yi daga la'asar har isha ba ya son leƙen allo kamar tafin hannu, ga kuɗin caji ya hau tunda mai ya yi wuya. Cikin kwana goma duk allunan da suka shekara a jingine a bangon Baba suka ƙare. Mutane suka riƙa fito da tsofaffi daga ƙarƙashin gado, wannan gilashi ya tsage, wancan gara ta ci baki ɗaya, a gyara. Tsofaffi kuwa suka koma tona gurbi a gindin dalbejiya.

A cikin wannan zaman ne na kai masa aikin da ya fi kowanne ba shi haushi.

Ina da wani wasa da na koya a Samaru wurin wani abokina da ya yi karatu a waje, kuma na daɗe ina jin kunyar bayyana shi a gida, don ban san da wane suna zan kira shi ba. Sunan wanda ya fi shahara Dungeons & Dragons. Wasu Amurkawa biyu, Gary Gygax da Dave Arneson, suka fitar da shi a 1974. Ba a cin kowa a cikinsa, ba a kuma gama shi a zama ɗaya. Mutum huɗu ko biyar za su kewaye tebur, kowa ya ƙirƙiri mutumin da zai zama, ya rubuta a takarda ƙarfinsa da wayonsa da abin da ya iya da abin da yake ɗauke da shi. Mutum ɗaya ba ya zama kowa, shi ne mai jan labari. Shi zai ce ga ku a bakin kogi, ruwa ya kawo, ga kwalekwale ɗaya mai shi ya ce ba zai tsallaka ba, me za ku yi? Wani ya ce zan lallashe shi, wani ya ce zan yi iyo da igiya a baki. Duk abin da ake shakkar yiwuwarsa sai a jefa ƙwaya mai fuska ashirin, a ƙara da gwanintar mutumin, in lambar ta kai abin da mai jan labari ya yanke an dace, in ba ta kai ba ruwa ya tafi da igiyar, kuma dole labari ya bi inda ruwan ya kai shi. Tatsuniya ce, ko gatana kamar yadda muke cewa a nan, wadda masu sauraro ke da hannu a ciki, mai bayarwa ma bai san ƙarshenta ba. A can ma bai sha da daɗi ba: a shekarun 1980 wasu limaman coci da iyaye a Amurka sun yi ta yaƙarsa suna cewa tsafi ne.

Ƙannena da abokansu na zaune ba makaranta ba waya, na ce bari in gwada musu. Sai dai ƙwayoyina suna Zariya. Na zana hoton mai fuska ashirin ɗin a bayan kwalin sukari na kai wa Baba.

Ya juya kwalin sama da ƙasa. "Wanga mi na na? Goriba ko gurjiya?"

"Ƙwaya ce, Baba, irin ta lido. Amma fuskarta ashirin, kowace fuska kusurwa uku, kuma duk girmansu ɗaya."

"Shidda ba ta ishe ku hwaɗa ba sai kun ƙara sha huɗu?"

Ya ce ba zai yi ba. Washegari na same shi da guntun maɗaci kamar dunƙulen hannun jariri yana feƙewa. Abin da ya yi ya ba ni mamaki, don ban gaya masa komai game da lissafin siffar ba. Ya fara mayar da guntun ƙwallo sumul. Sannan ya kafa ƙananan ƙusoshi, ɗaya sama ɗaya ƙasa, biyar kewaye da na sama, biyar kewaye da na ƙasa a tsakankanin na farko, yana auna tazarar da tsinken tsintsiya guda da ya karya. Goma sha biyu ke nan, kuma haka siffar take a littafin lissafi: tsini 12, gefe 30, fuska 20. Ya ɗaura zare daga ƙusa zuwa ƙusa har ƙwallon ya shiga raga, sannan ya riƙa shafe tudun da ke tsakanin kowace ƙusa uku da wuƙa da samfefa. Kwana uku yana yi tsakanin gyaran alluna. Na rubuta lambobin da biro, kowace fuska da kishiyarta su haɗu su ba da 21, ya bi su da ƙusa mai zafi.

Ni dai na ga kyau, na miƙa hannu zan ɗauka. Ya riƙe. Ya ce sai an gwada. Ya sa yaronsa ya yi ta jefawa a kan gilashi, shi kuma yana jan layi da gawayi a bango ƙarƙashin kowace lamba. Jifa ɗari biyu aka yi. In da gaskiya a jikinta kowace lamba za ta zo kusan sau goma, amma sha bakwai ta ja layi har ta kusa ƙasa, huɗu kuwa sau biyu ta leƙo. Ya ɗauke ta ya auna a tafin hannu, ya nuna mini wani ɗan duhu a fuskar huɗun.

"Ga ɓarawon nan. Zuciyar icce ta. Nan ya hi nauyi, kullum shi ka kwantawa ƙasa."

Na ce ai ba kuɗi ake sawa ba, a bar ta haka. Ya ce shi bai taɓa sakin abin da ya san yana da son kai ba, ba kuma zai fara a kaina ba. Ya aiki yaron wurin mai lemo ya tsinto marafan kwalba ashirin iri ɗaya, ya buga su suka baje, aka rubuta 1 zuwa 20 a cikinsu, aka zuba a tsohon gwangwanin madara mai zurfi. A kaɗa, mutum ya kau da kai ya zaro ɗaya, a duba, a mayar. Ya yi dariya ya ce wannan ƙuri'a ce ba ƙwaya ba, na ce wannan kuma tsakaninsa da malamansa. Abin da ya ƙara ba ni dariya shi ne kamfanin da ya fara buga wasan ma ya taɓa shiga wannan halin: wajen 1979 ƙwayoyi suka yanke masa, ya riƙa sa 'yan katuna masu lamba a cikin kwalin, a yanka a zuba a kofi a riƙa zara.

A rumfarsa muka yi, bayan magariba, da fitila mai caji a rataye a ƙusa, a kan bayan wani allon lido da ya ja wa layuka da alli. Ban ɗauko dodannin Turawa ba. Na mayar da su zamanin fatake, ayari ya taso da kanwa da baƙin saƙi zai bi ta Jega zuwa Gwanja sayo goro. Ƙanena ya zama jagaba, wani maharbi, wani maƙeri, ƙaramin cikinsu ya ce shi almajiri ne mai laya a damtse. Dare ya yi musu a kusa da kufan Birnin Zamfara, tsohuwar hedikwatar da Gobirawa suka ci zamanin Babari a tsakiyar ƙarni na 18, jaki ɗaya ya ɓalle da kayansa ya shige ta wata kafa a ganuwa. Za ku bi shi, ko za ku jira safiya? Nan take gardama ta kaure kamar jakin na ubansu ne.

Baba yana gefe yana gogar katako, wai ba ya ji. Da maƙerin ya ce zai hura wuta da ɗanyen kara ya haska hanya, sai muka ji daga duhu an ce, "Ɗanyen kara hayaƙi shika yi, ku nemi kashin shanu busasshe." Da suka yi niyyar shiga su duka, ya ajiye samfefa ya ce wane irin ayari ne wannan da ba a barin mai tsaron kaya? Ina madugunku? Aka ce babu. Ya jawo kujera.

Bai sha wahalar gane wasan ba ko kaɗan, ni ne ma na yi ta dogon bayani a banza. Ya ce ai wannan kalankuwa ce aka zaunar. Suna samari, in an gama girbi, sai a naɗa sarki da waziri da alƙali da ɗan doka a cikinsu, a yi rawani da tsumma, a yi bindiga da agogo da kara, a kafa fada a dandali, a kawo ƙara a yanke hukunci, kuma duk wanda aka ci tara sai ya biya ko da ya girmi alƙalin. Shi kansa ya yi alƙalanci shekara biyu. Ga tashe kuma da azumi, yaro ya manna auduga a haɓa ya zama tsoho, wani ya zama Jatau mai magani. Bambancin kawai, in ji shi, su a tsaye suke yi gari na kallo, mu kuma a zaune ba mai kallo sai junanmu. Na ba shi labarin cewa a Amurka da Ingila yanzu akwai masu jan labarin da ake biya kuɗi a kowane zama, kuma a Abuja wani matashi, Kenechukwu Ogbuagu, ya kafa kamfanin NIBCARD yana ƙirƙirar wasannin tebur na Nijeriya yana bugawa, yana shirya wa masu sha'awa taro duk shekara tun 2016, har kamfanin ya karɓi kyautar Diana Jones ta masu wannan harka a 2021. Tambaya ɗaya ya yi mini: allunan nasu da gilashi ko babu? Na ce kwali ne. Ya girgiza kai.

A dare na huɗu na yi ɓarna. Labari ya ɗan yi sanyi, na ga ana hamma, sai na yi abin da littattafan wasan suka saba koyarwa: in zama ya mutu, a jefo farmaki. Na ce kuna cikin tafiya a wata sarƙaƙiya sai ga mutane sun fito daga kowane gefe, fuska a naɗe, sun tare gaba sun tare baya, sun ce kowa ya kwanta. Ina jira in ji maharbi ya ce ya ɗana kibiya. Ba wanda ya yi magana. Gwangwanin na hannun maƙerin, bai kaɗa ba. Can ya ajiye shi a hankali, ya sa takalmansa, ya fita. Sai a lokacin na tuna abin da kowa a wurin bai manta ba, cewa yayansa ya yi wata biyu a hannun mutanen daji a shekarar da ta gabata, sai da aka sayar da gona. A Samaru 'yan fashin cikin labari abin nishaɗi ne. Na ɗauko su na kawo Shinkafi ban ko tsaya na duba fuskokin da ke gabana ba.

Baba bai ɗaga murya ba. Ya bari yaran suka watse, yana tattara marafan yana ƙirgawa.

"Malam, in na gama allo nikan bi bakinai da hannu kahin in ba mai shi. Don sartse. Mutum ya zo wasa, ba ya zo a soke shi ba." Ya rufe gwangwanin. "Ka sa musu kura, ka sa musu dodo, ka sa aljani mai kai bakwai in kana so. Waɗanga kau muna da su."

Da safe na je gidan su yaron, na same shi yana ba akuya dusa, na ba shi haƙuri. Ya ce ba komai, yadda ake cewa. Kwana biyu bai zo ba. A na uku sai ga shi, ya zauna a bakin benci bai ce uffan ba. Madugu ne ya gyara abin da na ɓata. Kafin in buɗe baki ya ce shi a matsayinsa ya sauya hanya, ayari ba zai bi ta sarƙaƙiya ba, za a zaga ta bakin gulbi ko da za a ƙara kwana uku, kuma gatarin jagaba ya dakushe, ina maƙeri? Yaron ya ɗago kai. Aka miƙa masa gwangwani, ya zaro sha tara.

Mun yi dare goma sha wani abu. Ba su kai Gwanja ba. Suna gab da tsallaka Kwara, almajirin ya ci bashin mai jirgi, hanya ta ɗan yi sauƙi na samu mota zuwa Kaura, daga nan Gusau, na koma bakin aiki. Da layukan waya suka dawo yaran suka koma kan wayoyinsu, ni ma haka, allunan Baba suka sake fara taruwa a jikin bango.

Da na sake zuwa gida da salla na leƙa rumfar. Ya rage yin lido, idonsa ba ya son ƙananan ƙusoshi, yaronsa ne ke yi yana dubawa, amma ƙwallon boris na nan a aljihun gaba. Gwangwanin marafan yana kan shantar da yake ajiye gam. Ƙwayar maɗacin kuwa na hango ta a ƙasa, an tokare ƙafar bencin da ke rawa da ita, sha bakwai na kallon sama. Muka gaisa, ya tambayi iyali da mutanen Zazzau. Har na miƙe zan tafi ya ce in dakata.

"Wai jakin nan da ya shiga kuhwai da kanwa, an ka gane shi kuwa?"